Tsohuwar motar tsere ta Amurka a Yamai: dukiya ce ko ramin zuba jari?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na Babbar Kasuwa, Wadata da Katako, duk mai bin titunan Yamai da marece ba ya rasa cin karo da wata gajerar mota mai ƙofa biyu, wadda rurinta ke riga ta isowa. Irinsu ne Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Ba su da yawa, amma maganarsu ta shiga gidaje, domin akan samu yaron da zai zauna gaban mahaifiyarsa ya ce ta ba shi kuɗin adashinta ya sayi ɗaya, wai irin wannan mota tana tsufa tana ƙara daraja. Abin tambaya a nan shi ne: gaskiya ne, ko kuwa kallon kitse ake yi wa rogo?

Maganar tana da tushe, amma a can inda aka ƙera su. Kamfanin Chevrolet ya fito da Corvette a 1953, Ford kuma ya fito da Mustang a 1964, kuma a Amurka akwai masu sha'awa da ke tara tsofaffinsu kamar yadda ake tara dawaki na asali. A watan Janairu na 2020 an yi gwanjon wata Mustang ta 1968, wadda aka yi fim ɗin Bullitt da ita, a kan dalar Amurka fiye da miliyan 3 da rabi. A ƙarshen 2023 kuma aka dakatar da ƙera Camaro da Challenger. Da waɗannan labarai ne mai talla ke kafa hujja. Sai dai abin da ya sa waccan mota ta yi wannan kuɗi shi ne tarihinta, da takardun da suka tabbatar ita ce, da kuma attajiran da suka taru suna ƙara wa juna farashi. Wadda ke isowa nan galibi ba ta cikin wannan layi: mota ce mai shekara 10 ko 15, wadda aka ƙera dubbai irinta, ta tsufa amma ba ta kai ta zama abin tarihi ba.

Idan dai ba a manta ba, ƙasarmu ta daɗe da sanin cinikin tsohuwar mota. A shekarun 1980 Turawa kan ƙetaro Sahara da Fijo 504, su biyo ta Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan jama'a, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama uwar kasuwa, motoci na hawowa ta Malanbil da Gaya, wasu su tsaya nan, wasu su zarce Maradi da Birnin Konni su shiga Nijeriya. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa.

To amma hanyar ta sauya. A farkon 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta kan iyakokinta na ƙasa, abin da ya rage wa dillalanmu masu saye na ƙetare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar Gaya ta rufe, kuma ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, hukumomin Nijar ba su buɗe nasu ɓangaren ba. A 2024 da 2025 kaya sun koma bin Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, kuɗin ɗauko ya hau. Wannan ya shafi kowace mota, kuma ya shafi duk wani ƙarfe da za a aiko daga baya don gyara ta.

Saboda haka, mai son sanin ainihin kuɗin irin wannan mota kada ya tsaya ga farashin da aka nuna masa cikin salula. Sai ya haɗa da kuɗin jirgin ruwa, na tashar ruwa, na taransita, na hanya, sannan na duwan, wadda ke da nata ƙiyasin darajar mota ko da mutum ya ce da araha ya saya, ga kuma harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Bayan nan sai kart-giriz, asiransi da biniyat, waɗanda ke hawa gwargwadon ƙarfin inji, alhali waɗannan motoci ƙarfin inji shi ne abin taƙamarsu.

Sai batun mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. Mu yi lissafi da wannan farashi. Inji mai silinda 8 yana iya shan lita 15 a kilomita 100 cikin gari. Wanda ke yin kilomita 30 a yini zai sha lita 135 a wata, wato jika 67 da ɗoriya. Mai Toyota Corolla da ke shan lita 8 zai biya kimanin jika 36. Bambancin jika 31 a kowane wata, Hajiya ta fi kowa sanin buhun shinkafa nawa ne a shekara. Waɗanda suka kwana layin gidajen mai lokacin ƙarancin watan Maris na 2025 kuwa ba sa bukatar a yi musu bayani.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Da yawa daga cikin motocin Amurka masu araha suna fitowa ne daga gwanjon kamfanonin asiransi, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, kamar bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017. Ana gyara jiki a fesa fenti, amma wayoyin lantarki da kwamfutar mota suna ruɓewa sannu a hankali. Maganin cinikin biri a sama shi ne lambar shasi. Tun 1981 kowace motar Amurka tana da lamba mai harafi da alƙalami 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa. Na 10 a jerin yana nuna shekarar motar. Da wannan lamba, a kan kuɗi kaɗan, ana iya neman tarihinta ta intanet a wurare irin Carfax, a ga ko ta taɓa hatsari. A kula kuma, agogonta da mil yake ƙirga: mil 100,000 kilomita 160,000 ne.

Sauran kuwa aikin ido ne da hanci, kamar yadda ake buɗe bakin rago a Turaku kafin a taya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina ko akwai warin danshi, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A tafi da makaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, ba wanda dillali ya kawo ba. A tuƙa ta da tsakar rana, na'urar sanyi a kunne, a ga ko inji zai ɗau zafi, domin watan Afrilu na Yamai ba ya wasa. A tuna kuma cewa cikinta na kusa da ƙasa ƙwarai, ga unguwanninmu da yashi da ramuka, ga damina irin ta 2024 da ruwa ya yanke hanyoyin shiga birni.

Daga ƙarshe, duk ɗan kasuwa ya san cewa darajar kaya ita ce abin da mai saye zai miƙo ranar da aka matsu. Corolla ko Starlet, in bukata ta taso, kafin la'asar an samu mai taksi ya taya, kayan gyaranta kuma na nan zube a kasuwa. Mai Mustang kuwa sai ya jira wani mai sha'awa irinsa, kuma mutanen nan ƴan ƙalilan ne, sun kuma san cewa a matse yake. Ko masu cewa za a riƙa ba da ita haya don rakiyar amarya, sai su lissafa auren wata nawa zai biya gilashi guda in ya fashe.

Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Wanda Allah ya hore wa, ya ware kuɗin da ko sun tafi shagonsa ba zai girgiza ba, to ya saya ya more, ya kuma tuƙa da hankali don titi na kowa ne. Amma uwar kuɗi da kuɗin adashi da bashin banki ba nan ne wurinsu ba. Hajiya, in yaro ya zo da hoton mota, a tambaye shi abu uku: ina lambar shasi, wa zai gyara, wa zai saya in an tashi sayarwa? In ya amsa duka, a zauna a yi lissafi. In ya fara kame-kame, a mayar da kuɗi cikin kaya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.