Duwatsun Birnin Kudu da filin da ke kewaye da su

Zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu yana cikin tsofaffin kayan tarihin jihar Jigawa. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, shi ya kai labarinsa ga masana a shekarun 1950. Galibin zanen na shanu ne marasa tozo, ba irin waɗanda ake kiwo yau a karkarar Gwaram da Kwandiko ba. A kusa da wurin akwai duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su.

Kula da zanen yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. To amma dutse ba a sama yake rataye ba. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon raba filayen birni, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Ke nan mai tsaron zane daban, mai yanka fuloti daban, kuma ta wannan giɓi ɓarna ke shigowa.

Tsarin gari mai kiyaye tarihi yana farawa da shata iyaka biyu. Ta farko ta kewaye dutsen kansa, ba gini, ba haƙa. Ta biyu ta fi faɗi. Ana iya zama da noma a cikinta, amma ba a fasa dutse, ba a ƙona shara, ba a ta da benen da zai tare dutsen daga idon mai zuwa. Hayaƙi yana dusashe launin zane, girgizar nakiya kuma tana tsaga dutse ko da daga nesa aka tashe ta. Iyakar da ba ta shiga taswirar ofishin filaye ba, wadda dagaci da mai unguwa ba su san inda ta bi ba, sunanta kawai iyaka.

Ganuwar Kano ta isa ishara. An sa ta a jerin share fage na UNESCO a 2007, duk da haka gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye sassa da yawa nata.

Muna kira ga gwamnatin Jigawa da Masarautar Dutse da ƙaramar hukumar Birnin Kudu su zauna da hukumar tarihi, a auna filin, a kafa turaku, kafin a yanka fuloti na gaba a gindin duwatsun.