Bayan Bugun Zuciya

Idan dattijo ya tsira daga bugun zuciya ya komo Ɗanzomo, sai mu ce an gama. Alhali kuwa da sauran rina a kaba. A gaban wuya, inda maƙoƙo kan fito, akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarin da likitoci ke kira T3, wanda ke ƙarfafa bugawar zuciya. Bayan ciwon, sinadarin nan yakan ragu, kuma waɗanda nasu ya faɗi ƙwarai sun fi jinkirin murmurewa. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in kasala ta ƙi sakin Baba, kada mu ce tsufa ne, kada mu sayo ƙwaya a kasuwar Maigatari. Mu mai da shi asibitin Gumel, in ta kama har Kano, a auna jininsa.