Kawo Tsohon Inji Ka Ɗauki Sabo: Wa Ke Cin Ribar?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Manoman rani da ke bakin madatsun Sabke da Daberam sun ji a jikinsu. Shi ya sa da yawa ke neman rabuwa da injin ban-ruwa mai shan fetur su koma na sola, masu shaguna kuma suna cewa: kawo tsohon, ka yi ciko, ka tafi da sabo.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Haka ake yi da shanun huɗa a kasuwar Mai'aduwa: a sayar da manya, a sayi ƙanana. Bambancin shi ne sa yana ƙara daraja idan ya yi ƙiba, inji kuwa kullum raguwa yake yi.

Ga inda za ka lura. Ciniki biyu ne aka haɗe maka wuri ɗaya. A ce sabon injin naira 400,000 ne lakadan. Mai shago ya ce maka 430,000, sannan ya yi wa tsohonka kuɗi 70,000. Kai kana murna an saya da daraja, alhali 40,000 kawai aka ba ka. Musaya tana ba shi damar riƙe farashin sabo a sama, ragin kuma ya ɓuya a cikin kuɗin tsoho.

Na hannu fa? Idan tsofaffin injuna suka taru a shaguna, farashinsu yakan faɗi. Wannan alheri ne ga ƙaramin manomi mai neman na farawa, asara ce ga wanda ya jinkirta sayarwa. Sai dai juya injin fetur ya koma aiki da gas, da wasu manoma ke yi, yana hana shi faɗuwa warwas. Lokaci ma yana da tasiri: daga Oktoba zuwa Disamba, da aka fara shirin noman rani, masu nema suna yawa, tsohon inji yana kuɗi. Da damina kuwa sai yadda mai saye ya ce.

Saboda haka, kafin ka ambaci tsohon injinka, fara tambayar farashin sabo lakadan. Ka kai tsohon wurin makanike ya duba, ka ji tayin mutum biyu ko uku. Ka nemi rasit da takardar garanti, ka kuma tabbata ƙarfin solar zai iya jan ruwa daga zurfin rijiyarka.

Ku kuma 'yan ƙungiya, ku haɗa odar sababbi wuri ɗaya ku nemi ragin sari, tsofaffin ku sayar wa membobinku da ba su da inji. Ribar da za ta tafi shago sai ta tsaya a cikinku.