A Sa Gawo Cikin Lissafin Gona

Idan aka tambayi manomi albarkar gonarsa, da dami da tiya yake bayar da jawabi, domin da su ake fitar da zakka. Amma alherin da gona ke yi wa ƙasa da ruwa, wanda jama'a duka ke mora, bai shiga hisabin kowa ba.

A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa rainon tohonsa, har masu bincike, da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa. Gawo kuwa, wanda hikimar Ubangiji ta sa yake zubar da ganye da damina, yana takin ƙasa, 'ya'yansa suna ciyar da bisashe da rani, geron ƙarƙashinsa kuma ya fi cikar zangarniya.

Ya wajaba, a ra'ayinmu, hukumomin gona su sa ƙidayar itatuwa da awon ni'imar ƙasa cikin rahoton kowace kaka, a kuma saka wa wanda ya raya su da rangwamen iri.