Ra'ayinmu: Kada A Sake Binne Lorca

Tun ranar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai ta bayyana niyyarta ta nuna wasan nan na Sifaniya mai suna "Gidan Bernarda Alba" da harshen Hausa a ƙarshen zangon nan, ƙura ta tashi a ɗakunan kwana da wurin cin abinci, har yau kuwa ba ta lafa ba. Wasan kansa ba mu ji wanda ya kama shi da wani aibi ba, domin kuwa yawancin masu kumfar baki ba su karanta shi ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne wani ya binciko cewa mawallafinsa, Federico García Lorca, namiji ne da zuciyarsa ta karkata ga son maza 'yan'uwansa. Daga nan sai wasu wakilai a majalisar ɗalibai suka nemi a janye kuɗin da aka ware wa wasan. Wasu kuma, masu ganin kansu masu sassauci, suka ce a yi wasan amma a cire sunan mai shi daga takardar sanarwa. Mu ba mu yarda da ko ɗaya ba, shawara ta biyun ma ta fi ba mu kunya.

An haifi Lorca a 1898 a wani ƙauye kusa da Granada, watau Garnata ta littattafan tarihinmu, birni na ƙarshe da Musulmi suka riƙe a Andalus kafin ya faɗi a 1492. Bai raina wannan gado ba. Cikin diwaninsa na ƙarshe, Diván del Tamarit, wanda aka buga a 1940 bayan rasuwarsa, ya raɗa wa waƙoƙinsa sunayen ƙasida da gazal, don girmama mawaƙan Larabawa na garinsu. Wani abin da ya kamata 'yan majalisarmu su sani kuma, a 1932 shi ne ya jagoranci La Barraca, ƙungiyar ɗaliban jami'a da ke loda kayan wasa a babbar mota suna bin ƙauyuka suna nuna wa manoma wasanni kyauta. Ashe mutumin da a ke so a goge sunansa ya riga mu yin aikin da mu ke tutiya da shi.

Wanda ya karanta wasanninsa zai rantse a unguwarsu aka rubuta su. Yerma, na 1934, labarin mace ce da rashin haihuwa da tsegumin matan gari suka ci ta har ta kai ga aikata ɗanyen aiki. Bernarda Alba kuwa uwa ce da mijinta ya mutu ta kulle 'ya'yanta mata biyar a gida, ta ɗora musu zaman makoki na shekara 8, ba don Allah ba sai don tsoron bakin maƙwabta. Wa ya taɓa zama a gidan yawa bai ga irin wannan uwa ba? Mu a ganinmu ba haɗari ba ne cewa mutumin da ya share rayuwarsa yana ɓoye abin da ke ransa shi ne ya fi kowa iya rubuta ciwon son da aka danne. Wanda ya cire wannan daga tarihinsa ya rage wa kansa fahimtar wasan.

Ya gama rubuta wasan a watan Yuni na 1936. A watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke, a watan Agusta mutanen Janar Franco suka kama shi a gidan abokansa da ya fake, suka fitar da shi bayan gari tsakanin Víznar da Alfacar suka harbe shi yana ɗan shekara 38. An tona ƙasa a wurin a 2009 ba a sami ƙashinsa ba, har yau kuma ba a gano kabarinsa ba. A 2015 aka fito da wani rahoto da 'yan sandan Granada suka rubuta a 1965, inda suka jera laifuffukansa: ɗan gurguzu ne, ɗan ƙungiyar asiri ne, kuma yana neman maza. Gwamnatin da ta kashe shi ta ci gaba da aikinta a kan na raye. A 1954 ta sa irin waɗannan mutane cikin dokar 'yan zaman banza da ɓata-gari, a 1970 ta sake wata doka ta masu haɗari ga jama'a, aka riƙa tura su gidajen yari na Huelva da Badajoz wai don a gyara su. Sai a farkon 1979, bayan mutuwar Franco da shekara 3 da 'yan kai, aka fitar da su daga cikin dokar.

Waƙoƙin soyayya na ƙarshe da ya rubuta kuwa sun yi kusan shekara 50 a ɓoye. A 1983 wasu suka buga su a asirce suka aika wa mutane ta gidan waya, sa'an nan a watan Maris na 1984 jaridar ABC ta fito da 11 daga cikinsu. Duk da haka sai aka cire kalmar da ke nufin "duhu" ko "ɓoye" daga sunan da aka san su da shi, Sonetos del amor oscuro, don kada mai karatu ya tambayi wane irin so ne a ke ɓoyewa. Masu shawarar a cire suna daga takardar sanarwa su duba sahun wanda su ke bi.

To, kada 'yan'uwanmu masu ra'ayin sauyi su yi saurin gyaɗa kai suna cewa ai aikin 'yan mulkin danniya ke nan. Ɗakuna nawa ne a jami'ar nan babu hoton Che Guevara a bango? Mu ma muna jinjina wa Kyuba saboda sojojin da ta aika Angola a 1975, ba kuma za mu janye jinjinar ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Wannan Kyuba ɗin ce tsakanin 1965 da 1968 ta tara maza masu son maza, tare da masu wa'azi da waɗanda ta kira malalata, ta tura su sansanonin aikin dole a Camagüey su yanki rake. Reinaldo Arenas ɗan talakawan ƙauye ne, an haife shi a 1943, ya bi 'yan tawaye tun yana yaro, juyin juya halin ne kuma ya buɗe masa hanyar karatu har ya sami aiki a babban ɗakin karatu na ƙasa a Havana. Littafi ɗaya tak aka bar shi ya buga a ƙasarsa, a 1967. Sauran sai fitar da su aka riƙa yi a ɓoye zuwa Faransa. A 1974 aka jefa shi kurkukun El Morro, inda ya rayu ta hanyar rubuta wa fursunoni wasiƙu zuwa ga matansu da 'yan matansu. Littafinsa Otra vez el mar sau 3 ya rubuta shi daga farko, don duk ran da ya gama sai rubutun ya ɓace ko ya faɗa hannun hukuma. Ɗalibin da ya taɓa ɓatar da littafin darasinsa ana saura mako guda jarrabawa ya auna wannan a ransa. Ya fice a 1980 ta tashar Mariel cikin mutum kimanin 125,000, ya mutu a New York a 1990 da cutar ƙanjamau a jikinsa, bayan ya gama tarihin rayuwarsa, Antes que anochezca, watau "Kafin Duhu Ya Yi". A 2010 Fidel Castro da bakinsa ya faɗa wa wata jaridar Meziko cewa an tafka zalunci, kuma alhakin yana wuyansa. Arenas ya yi shekara 20 a ƙasa kafin a faɗi haka.

Manuel Puig na Ajantina ya haɗa ɓangarorin biyu a ɗakin kurkuku ɗaya cikin littafinsa na 1976, El beso de la mujer araña: ɗan gwagwarmaya mai aƙida da wani da mu a nan za mu kira ɗan daudu, wanda ke ba shi labarin finafinai da dare yana jinyarsa. Wanda ɗan gwagwarmayar ya raina tun farko shi ya koya masa mutunci. Sojojin Ajantina sun hana littafin shiga ƙasar har 1983. Yau kuwa ƙasashen nan suna alfahari da waɗanda suka kora. Cristina Peri Rossi, wadda ta gudu daga Uruguay a 1972 kuma ta rubuta waƙoƙin son mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ita aka ba lambar Cervantes ta 2021, wadda babu kamarta a adabin Sifaniyanci.

Mun san abin da masu suka za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Addininmu da al'adarmu suna da matsayi sananne a kan wannan al'amari, mu kuwa ɗalibai ne, ba mu da malantar ba da fatawa. Sai dai muna tunatar da su Abu Nuwas na Bagadaza. Diwaninsa cike ya ke da waƙoƙin giya da na bege ga samari, amma malaman Musulunci, waɗanda suka fi mu tsoron Allah, sun kwafe shi da hannu suna miƙa wa na baya fiye da shekara 1,000, suna koyar da balaga da shi, da sunansa a kai. Sun san bambanci tsakanin karanta mutum da yin koyi da shi. Har gobe ana karanta shi a sassan Larabci na jami'o'inmu, ba mu ji wanda ya kawo ƙudurin a janye kuɗin wannan ba.

Saboda haka muna kira ga majalisar ɗalibai ta saki kuɗin wasan kamar yadda ta alkawarta, a kuma buga sunan Federico García Lorca a saman takardar sanarwa da manyan baƙaƙe, tare da shekarar da aka haife shi da wadda aka harbe shi. Muna roƙon ɗakin karatu ya nemo fassarar littattafan Arenas da Puig ya ajiye a kan kanta inda hannu zai kai, kada a kulle su a ofis sai mai takardar izini. Wanda bai ga dama ba kada ya zo kallo, babu mai ɗaukar sunayen waɗanda ba su halarta ba. 'Yan matan da za su fito a matsayin 'ya'yan Bernarda sun yi mako 6 suna haddar kalamansu, an kuma riga an ɗinka baƙaƙen tufafin.