Ƙarin jarin bankuna da makomar ma'aikacin reshe

A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga jarin bankunan yanki zuwa naira biliyan 50, da wa'adin 31 ga Maris 2026. Masu hannun jari suka shiga lissafin haɗaka, amma ba wanda ya ambaci ma'aikacin da ke kan kanta a reshen Keffi, wanda ɗan kasuwar Gitata ke miƙa wa cinikinsa. Da yawan irinsa 'yan kwantiragi ne, sallamarsu ba ta da wuya. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, ma'aikatansa suka wayi gari babu aiki. Ya kamata Babban Bankin ya sanya biyan haƙƙin ma'aikata cikin sharuɗɗan kowace haɗaka, Ma'aikatar Ƙwadago kuma ta bi diddigi.