Rahoton cututtuka: Lokaci ya yi da zai juyo ya fuskanci Tsafe da Bunguɗu

Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, NCDC, kan fitar da rahoton mako-mako kan cututtukan da ke yawo a ƙasa. Alƙaluman cikinsa ba a Abuja ake haƙo su ba. Daga ƙananan asibitoci irin na Tsafe da Bunguɗu suke tasowa, su bi ta Gusau, kafin su isa tarayya. Amma ma'aikacin da ya cike takardar farko ba kasafai yake ganin inda aikinsa ya kwana ba.

Manhajoji biyu ne ginshiƙin wannan aiki. Akwai DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta samar, da ita ake tattara bayanan asibitoci na wata-wata. Akwai kuma SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan ɓullar Ebola a 2014 tare da masana daga Jamus, domin kai rahoton annoba cikin gaggawa ta wayar hannu. Dukkansu sun yi amfani. Matsalar ita ce bayani na hawa sama, amma ba ya saukowa. Rahoton da Turanci yake fita, cike da jadawali, kuma masana da masu ba da tallafi ne suka fi karanta shi.

Zamfara ta san kuɗin jinkiri. Annobar sanƙarau da ta faro a jihar a ƙarshen 2016 ta yi makonni tana cin rayuka kafin labari ya isa tarayya. Kafin ta lafa a 2017, an samu sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,000 suka rasu. Haka gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta hallaka yara sama da 400. Mutanen ƙauye ne suka fara binne 'ya'yansu, hukuma ta ji daga baya. Rahoton da ya zo bayan an cika maƙabarta, ihu ne bayan hari.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta riƙa fitar da nata taƙaitaccen rahoto da Hausa, shafi ɗaya, na ƙananan hukumomi 14. Ya faɗi wace cuta ta ƙaru a wace gunduma, me ma'aikaci zai lura da shi, kuma wa zai kira. A tura shi ta WhatsApp, a karanta shi a rediyo. Rediyon ba ado ba ne: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, kuma a irin wannan hali manhaja ba ta iya aika komai.

Wasu za su ce bayyana alƙaluman gunduma zai tayar da hankalin jama'a. Jita-jita ta fi tayar da shi. Uwar da ta ji cewa amai da gudawa sun ɓulla a maƙwabciyar unguwa za ta tafasa ruwan sha, ta kuma garzaya da yaro asibiti tun kafin ya galabaita.

Masu aikin ma suna nan. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Tsafe na yaye ma'aikatan lafiya, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma na da ɗalibai masu karanta kimiyyar halittu da kwamfuta. A ba su fassara da tace rahoton a ƙarƙashin kulawar jami'an sa ido kan cututtuka.

Ma'aikacin da ya ga alƙalumansa sun dawo masa da shawara, zai cike takardar mako mai zuwa da kulawa. Wanda bai taɓa jin amsa ba, wata rana zai daina aikawa.